A Kashe Inji, In Ji Alhaji

Babbar mota in tana tsaye injinta a kunne, ko taku ɗaya ba ta matsa ba, tana shanye gas wajen lita uku a kowace awa. Na san tun ban rufe baki ba wani direba a tashar Gumel ya ture kofin shayi gefe yana cewa, "Wannan malamin da ko amalanke bai taɓa kora ba, shi ne zai gaya mana abin da daf ke sha?" Sannu oga, Allah ya huci zuciyarka. Ba ni na auna ba. Masu binciken makamashi na gwamnatin Amurka ne suka auna motocin ƙasarsu, suka tarar galan guda ba ya kai su awa ɗaya da rabi a tsaye, in ka juya shi zuwa lita kuwa uku ke nan a awa. Motocinsu ke nan da ake yi wa sabis kan lokaci. Taka da ta baro Holan tun kafin a raɗa wa babban ɗanka suna, ban ce ta fi su ci ba, amma ban ga alamar mai azumi ba ce.

To mu yi lissafin 'yan firamare. Dare ɗaya, daga bayan isha'i zuwa asuba, a ce awa takwas: lita 24. Mu yi wa gas rahusa mu sa shi ₦1,000 lita, farashin da ya tsallake tun ƙarshen 2023, ₦24,000 ke nan ta bi salansa. Dare uku ₦72,000. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 kuwa ₦70,000 ne. Wato tirelar da ta kwana uku tana gurnani a bakin kara ta cinye abin da ma'aikaci ke jira kwana talatin kafin ya gani, har da canji.

Ina hango Alhaji mai motoci yana gyara zaman babbar riga yana ce wa yaronsa, "Maimaita min wurin nan. Ka ji mai ilimi." In Bakano ne, abokan wasansa Damagarawa za su ce tun a layin farko ya ɗauko kalkuleta. Dakata Alhaji, kada ka yi saurin sa min albarka. Layi ne, kuma kai ne na biyu. Bari in gama da direbanka tukuna.

Duk wanda ya san Maigatari ya san tun yammacin Laraba manyan motoci ke fara jeruwa, domin Alhamis ce ranar kasuwa. Shanu da raƙuma da tumaki da awaki na gangarowa daga Dungas da Magarya da can cikin ƙasar Damagaram, su haɗu da na gida, fataken Legas da Ibadan da Fatakwal na bin dillalansu suna latsa tozo. Kafin a hau da sa ko ɗaya sai an shimfiɗa yashi a bodi don kada kofato ya zame, a ja tirela da baya ta jingina da tudun lodi, sannan a shiga kokawa: wannan ya ja igiyar ƙaho, wancan ya murɗe wutsiya, wani ya bi da tsumagiya, har a ɗaure kowane sa a mazauninsa. Aiki ne na awoyi. Ga motar can tun hantsi tana gurnani. Mai ƙosai na suya cikin hayaƙi, mai shayi sai ya ɗaga murya kafin a ji kuɗin ƙwai. Ka matsa ka ce, "Oga, tashi za a yi ne?" Ya ce, "Sai bayan la'asar in Allah ya yarda." Ka ce, "To me ya hana a kashe ta?" Sai ya dube ka sama da ƙasa, ya gane ba ɗan hannu ba ne, ya ci gaba da sakace.

In ka nace, amsar farko ita ce tayar da inji ya fi barinsa a kunne cin mai. Magana ce ta gado, oga ya ji daga ogansa, shi ma daga nasa, tun zamanin roka mai bodin katako. Tsufan magana dai ba ya mai da ita gaskiya. Man da inji ke sha wurin tashi bai kai na minti ɗaya a sulo ba. Amsa ta biyu ta fi ƙamshin ilimi: tobo. Wannan kam na sallama. Motar da ta sha gudu da kaya, in ka kashe ta nan take, baƙin mai zai daina zagayawa tobo na da zafi, ya ƙone a cikinsa. Amma minti uku zuwa biyar masu ƙera injin suka ce a ba shi ya huce, oga, ba daga azahar zuwa magariba ba. Hasali ma dogon sulo cuta ne ga injin da kake cewa kana tausayi. Ba ya ɗaukar zafin da zai ƙone gas sarai, ragowar ta bar kunkunniya a nozul da ringi, wata ta tsiyaya ta sirka baƙin mai. Bakaniken bayan tasha ne kaɗai ke jin daɗin wannan gurnani, shi ya sa ba zai taɓa musa maka ba.

Sai wani ya ce zafi. Gaskiya ne, Afrilu da Mayu a nan ma'aunin zafi na haura 40, kan mota kuwa ƙarfe ne da gilashi. Amma tsakani da Allah, daf nawa ne a kara esinsu ke aiki? In ka cire sababbin Howo na kamfanoni, yawancinku tabarma kuke shimfiɗawa a ƙarƙashin bodi. Kwanciya a nan inji na kunne kuwa shaƙar hayaƙi ne kawai, hayaƙin da tun 2012 masu binciken cutar daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa shi cikin jerin abubuwan da ke jawo ta. Kada kuma wanda ya ce min cajin waya yake yi. Inji mai doki ɗari huɗu don Tecno guda?

Amsar gaskiya sai an saba take fitowa, kuma gajeriya ce: "In na kashe, wa zai tayar min?" Babbar mota batir biyu take aiki da su a haɗe. Ɗaya ya mutu tun kafin babbar salla, ɗayan aro ne daga wata motar da ke jiran giyabos a Kano. Kik kuwa sai da lallashi. Yaron mota ya kwanta rigingine a ƙarƙashin kai riƙe da ƙatuwar sifana, oga ya murɗa makulli, a ji ƙas, ƙas. "Buga masa!" Yaro ya buga. A ji ƙas. "Ka buga mana, ko ba ka karya ba ne?" Can inji ya yi tari, ya tofar da baƙin hayaƙi a fuskar yaron, ya kama. Wanda ya sha wannan da asuba, shanu a sama suna haki, mai dabbobi tsaye a kansa yana duba agogo, kai ne za ka ce masa ya sake kashewa?

Ga kuma iska. Birkin tirela da iska yake aiki, inji ne ke hura ta cikin tanki, kuma an ƙera shi ta yadda in iska ta zube birkin zai kulle kansa, tayoyi su ƙi juyawa. In tiyon iska na yoyo, an naɗe shi da roba an ce a lallaɓa, to kashe inji na awa biyu na nufin sai an sake zaman jiran geji ya hau. Kada kuma wani ya ce a tura. A Filato direba kan nemi gangare ya ajiye mota ya sa weji, da safe ya zare ya sake ta ta tashi da kanta. A ƙasar Gumel ina gangaren? Daga Gagarawa har bakin iyaka a shimfiɗe take, in ka sauka daga kwalta kuma yashi ya riƙe ka.

To Alhaji, an zo kanka. Bismilla, matso.

Ka sa tiraka, madalla. Manyan kamfanonin siminti da na mai sun daɗe da sa ta, yanzu mai mota uku ma ya sa. Tana nuna maka inda mota take, gudun da take yi, da awoyin da ta yi a tsaye inji na kunne. Wata har ma'aunin tanki take turo maka a waya. Kana kishingiɗe a falo, esi na kaɗa ka, ka danna lamba:

"Kai, me kake yi a Tafa awa biyar mota a kunne?"

"Ranka ya daɗe, batir ne."

"Kullum batir! Za ka gani a balas ɗinka."

Ban ga laifinka ba da ka ji ciwo. Gas da bai kai ₦400 ba a watan Janairun 2022 ya wuce ₦800 kafin shekarar ta ƙare, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, kuma a Fabrairun 2024 sai da ƙungiyar masu motocin sufuri ta NARTO ta janye tankoki daga hanya na ɗan lokaci saboda tsadar aiki. Amma tirakar nan, Alhaji, awa biyar ɗin kawai ta gani. Ba ta ga batir ba, ba ta ga tiyo ba, ba ta ji saƙon da direba ya yi ta aiko maka ta bakin manajanka ba tun kafin azumi. Ka sayi ido, ka ƙi sayen batir.

Na ji ka, na ji ka. "Malam, ba ka san mutanen nan ba. Na sayi sabon batir, kafin mota ta dawo daga Legas ya tsufa. Taya sabuwa fil ta dawo da sanƙo. Gas kuwa tiyo ne da jarka." Ban musa ba. Jarkokin da ke jere a bakin hanya daga Zariya zuwa Jebba ba ruwan sama suka tara ba. Amma tun da ka buɗe wannan babi, buɗe min littafinka in ga nawa kake biyan yaron da ka miƙa wa makulli bara.

Ga yadda ake zama direban babbar mota a wajenmu, don masu zaton makaranta ake zuwa. Yaro ne daga wani ƙauyen Sule Tankarkar, ya gaji da zaman jiran damina, kawunsa ya kama hannunsa ya damƙa wa wani oga ya ce, "Ga amana." Shi ne wanke mota, shi ne sa weji, shi ne ɗaura tamfol, shi ne buga jak in taya ta fashe a dokar daji, shi ne dafa taliya a risho, shi ne gadi in oga ya shiga gari. Albashi babu, sai abinci da abin da oga ya ga dama ya miƙo. Bayan shekara ɗaya ko biyu a bar shi ya gyara fakin a tasha. Can gaba, in mota ba kaya kuma oga na jin barci, a ba shi sitiyari a miƙaƙƙiyar hanya, oga na gefe ido ɗaya a rufe, hannu ɗaya a shirye don ƙeya. Wasu kan fara da ƙaramar mota ƙirar kanta, suna kwaso riɗi da zoɓo da kankana daga kasuwannin ƙauye zuwa Gumel ko Gujungu, a nan suke koyon yadda ake fita daga yashi ba tare da an ƙone kuloci ba. Doka ta ce mai tuƙa tirela sai da lasin aji G, kuma hukumar kiyaye haɗurra ba ta ba da lasin haya sai mutum ya kai shekara 26. Yaron dai ya daɗe da iya ribas da bodi kafin nan. Ran da oga ya kai shi gaban mai mota ya ce, "Alhaji, ga yarona, hannunsa ya faɗa, ni na tsaya masa," ran nan gidansu har da dafa shinkafa, kuma daga ranar ƙannen babansa suka fara yi masa maganar aure.

To me aka ba shi? Takarda dai babu. A wurin masu motocinmu da yawa, abin da ake yi shi ne a ƙirga masa kuɗin hanya dunƙule: gas a ciki, shingaye a ciki, rasit ɗin wannan ƙaramar hukuma da na waccan a ciki, ɗan kamasho, mai faci, abincinsa da na nasa yaron. In ya dawo lafiya a ba shi na sawu. Kamfani kuwa ɗan albashi ne da alawus na kowace tafiya, da lita ƙididdigaggiya ta kowace hanya, ka wuce ta a cire a jikinka. Kuma ko'ina sabon direba shi ne ƙarshen layi. Tsofaffin hannu su zaɓi motoci masu lafiya, shi a ba shi wadda kowa ya ƙi, mai batirin aro da tiyon roba, a ce ya nuna ƙwazo tukuna. Ga inda gizo ke saƙar: wanda aka fi bai wa kaɗan shi ke riƙe da motar da ba a isa a kashe ta ba, shi kuma tiraka ta fi kamawa. Wata uku a haka, sai wani babban yaya a tasha ya ja shi gefe ya nuna masa yadda ake sa tiyo. Kai kuma Alhaji ka ce yaran zamani ba su da amana.

Wani ɗan boko a can gefe ya gyara tabarau: "Ai akwai dokar mafi ƙarancin albashi." Akwai, yallaɓai, amma karanta ta har ƙasa. Ta cire duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ta kuma cire masu aikin kamasho da waɗanda ake biya gwargwadon abin da suka yi. Alhaji mai mota huɗu da ke biya da sawu ya fice ta ƙofa biyu, ko rigarsa ba ta taɓa bango ba.

Biya da sawu kuwa ma'anarsa in taya ba ta juya ba, ba a yi aiki ba. Mutanen Maigatari sun fi kowa sanin wannan. An rufe iyaka a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai 16 ga Disambar 2020, ranar da aka saki guda huɗu: Seme, Illela, Mfum da Maigatari. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, sai a Maris 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. A Fabrairun 2021, da ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya kudu, motoci sun yi cirko-cirko a Jebba. Waɗannan manyan ke nan da suka shiga rediyo. Ƙananan kullum ne: jiran lodi, jiran takardar kwastan, jiran a sauke a Legas, jiran kayan dawowa. Duk zaman nan a aljihun direba yake, kuma a cikinsa ne ake kunna injin da ake faɗa a kai. Layin dogon Kano zuwa Nguru da ya ratsa Gagarawa tun 1930, shi ke ɗaukar gyaɗa da dabbobi a da. Da yana aiki yadda ya kamata da rabin gardamar nan ba ta taso ba. Amma wannan wani karatun ne.

Kada ku ce na raina mu, Amurkawan da na fara da su ma fama suke. Direbansu na doguwar hanya a cikin kan mota yake kwana, akwai gado a bayan kujera, ga sanyin ƙanƙara a wani lokaci ga zafi a wani, don haka inji ke kwana a kunne. An ƙiyasta motar guda kan yi awa 1,800 a shekara a haka, galan wajen 1,500 ke nan. Jihar Kalifoniya ta ce minti biyar, ka wuce a ci ka tara. Birnin Niyok ya ce minti uku, ya ƙara da cewa duk wanda ya ɗauki bidiyon motar da ta karya doka ya kai ƙara, za a ba shi kashi 25 cikin ɗari na tarar. Ku kawo wannan doka Maigatari ku ga ikon Allah: duk matashin da ke da waya ya samu aikin yi, Alhamis ɗaya ta ishe shi lefe. Biyan sabon direba a can ma ba abin a yi guɗa ba ne. Da mil ake biya, sabo shi ke karɓar mafi ƙanƙanta, sai ya yi makonni yana bin wani tsohon hannu kafin a bar masa mota, kuma kamfanoni da yawa in sun koya maka tuƙi sai ka sa hannu za ka yi musu wajen shekara, in ka gudu ka biya kuɗin karatu. Shi ya sa a manyan kamfanoninsu akwai shekarun da yawan direbobin da ke ajiye makulli kan kai kusan kashi 90 cikin ɗari. Bambancin da nake so Alhaji ya ji shi ne, masu hankalinsu kafin su ce a kashe sai da suka maƙala wa motar wani ɗan ƙaramin inji da ke ba da sanyi da ɗumi da wuta da ɗan mai kaɗan, suka kuma sa tukuici ga wanda ya yi tsimi. Waɗanda suka tsaya kan umarni tsura, direbobi suka bar musu motocinsu.

Yanzu ga abin da zai ba ku haushi ku duka biyu, direba da Alhaji. A karar nan ba kowace mota ce ke kunne ba. Zagaya ka duba waɗanda suka yi shiru. Ko dai batirinsu na da lafiya, ko kuwa direban ya san duk litar da ta rage tasa ce, da sanin mai mota. Irin wannan ba ya buƙatar tiraka, ba ya buƙatar wa'azina. Kafin taya ta gama tsayawa ya zare makulli, tobo ma sai ya roƙi arziki ake ba shi minti ukunsa. Kuma fa shi ne mutumin da ɗazu ya rantse min tayarwa ta fi cin mai! Oga, ashe ka san lissafin, gas ɗin wani ne ba ya ƙirguwa.

Sai dai Alhaji, kada ka ce ka samu dabara, ka rage masa na sawu ka bar shi da ragowar tanki. In abin da ke hannunsa bai kai ya ci da iyali ba, tsimin kan wuce gona da iri. Ya saki giya a gangare mota ta yi ta gudu a firi, inji na sulo, iska ba ta taruwa gwargwadon yadda birki ke cin ta, tan talatin na turo shi ta baya. Ko ya jera fasinja a saman shanu da buhuna don na cefane, abin da jami'an kiyaye haɗurra ke ta fama da shi, mu kuma muna ta zuwa ta'aziyya. Wannan ba wurin zolaya ba ne, shi ya sa zan wuce da sauri.

Hajiya a can baya na cewa, "Ni da ba ni da mota ba ni da direba, ina ruwana?" Hajiya, akwai ruwanki har da tsaki. Gas ɗin da ya ƙone a tsaye ba Alhaji ke biya ba, kuɗin mota yake shiga. Falke kuma ba ya asara, ko ya ɗora wa mai sayen nama a Legas, ko ya zaftare wa mai sa a Maigatari tun wurin ciniki. Zoɓon da ƙanenki ya tsinka a Gagarawa, wanda ke bin tirela zuwa tashar jiragen ruwa ya ƙare a kofunan mutanen Meziko, da kuɗin motar a ka mai saye ke taya buhu. In an taya a wulaƙance kuma ke ake wa waya a ce a taimaka da na taki.

"To Malam, wai me kake so in yi?" Yauwa Alhaji, yanzu ka zo. Sayi batir biyu, ka sa a rubuta sunanka da jan fenti a jikinsu tun da ba ka yarda da kowa ba. A canza tiyon iska, a duba kik. Ka haɗa masa da 'yar fanka mai caji da gidan sauro. Sannan ku zauna ku rubuta a takarda lita nawa ce daga Maigatari zuwa Legas, a auna da wannan tsohuwar motar da yake ja, ba da sabuwar da ke cikin mafarkinka ba. Abin da ya rage ku raba. Kwanan jira kuma a sa masa wani abu, ko yaya yake, ya san an san yana raye. In ka yi wannan, ka ce a kashe inji, wanda ya ƙi ni da kaina zan taya ka karɓe makulli.

"Kana so ka talauta ni ke nan." Haba Alhaji. Dare goma na gurnani ₦240,000 ne a lissafinmu na rahusa. Aika kasuwar Ƙofar Ruwa a tambayo maka kuɗin batir biyu, ka zo mu ajiye su gefe da gefe.

Direba na cewa ko ya rubuta ba zai cika ba. Alhaji na cewa ko ya saya za a sayar. To ai ba a rasa shaidu ba. 'Yan ƙungiya, na direbobi da na masu motoci, ba a lodi ba su yanki rasit ba. Su da ba sa kuskuren ƙirga mota ko cikin duhu, su ajiye kwafin takardar nan a ofishinsu na tasha, ran da aka saɓa a ɗauko. Na san shugaban reshe ya fara tari yana cewa ba huruminsu ba ne. Ranka ya daɗe, hurumin naku iyakarsa rasit?

Wanda kuma har yanzu yake ganin shaci-faɗi nake yi, ba sai mun ɓata ba. Mu haɗu a kara ranar Alhamis bayan azahar, in sa wani oga ya kashe masa tsohuwar daf da shanu a sama. Ya dai zo da tsohuwar riga, don shi zai shiga ƙarƙashi da sifana.